Yadda Za Ka Ciyar da Injin Taki Abincin da Likita Ya Rubuta Maka

Likita ya hana ka gishiri, ya hana ka maiƙo, ya hana ka jan nama, ya bar ka da dafaffen ganye sai ka ce zomo? Share hawayenka. Idan ka bi matakan nan yadda aka jero su, tabbas farantinka zai riƙa komawa kicin wayam, iyalinka su riƙa yaba haƙurinka, alhali ko loma ɗaya ba ta gifta maƙogwaronka ba. Ba zato ba ne, an gwada. Wanda ya gwada ɗin ya yi wata biyar cur yana cin nasara, kuma da labarinsa za a koya maka.

Dubagari ake ce masa a layinsu. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin duba-gari, yana kutsawa gidajen mutane yana leƙa musu randa da kwata da kwandon shara, har sunan aikin ya haɗiye nasa. Ya yi ritaya da tumbi, da hawan jini, da ciwon suga, da kuma tabbacin cewa duk garin babu wanda ya kai shi sanin ƙazanta. Matarsa, Malama, ta ƙare aikinta tana koyar da 'yan aji huɗu. Su biyu suka rage a gidan. 'Yarsu ta ƙarshe, Auta, ma'aikaciyar jinya ce, tana gidan mijinta a wata unguwa, amma duk Asabar sai ta zo da abin awon jini a jaka.

Mataki na 1: Bari wani ya kawo injin

Kada ka kuskura ka sayo da kanka. Ranar da abin ya jawo magana, wanda ya shigo da shi za a fara kallo.

Auta ce ta kawo shi, kuma don mahaifiyarta ta kawo, saboda Malama tana da tumatir da tattasai da alayyafo a cikin buhuna goma sha biyu a bayan kicin, tana lallaɓa su kamar ɗalibanta na da. Injin bai wuce girman babbar tukunya ba, fari sol, da murfi mai kullewa da maɓalli ɗaya tal. A cikinsa akwai bokiti mai hannu, a gindin bokitin kuma wasu haƙoran ƙarfe masu juyawa. Ka zuba ɓawo da ragowar abinci, ka rufe, ka danna. Ya busar da zafi, ya niƙe, ya huce. Bayan awa biyar ko shida ka buɗe ka tarar da gari mai ruwan ƙasa, ba wari, sai zuba wa shuka.

"Wutar lantarki don shara?" in ji Dubagari, yana zagaya injin da hannu a baya. "A zamaninmu rami muke sa a haƙa. Wanda ya ƙi, mu rubuta sunansa."

"Baba, ai zamaninku ya yi ritaya tare da ku," in ji Auta.

Ka raina injin a gaban kowa, kamar yadda ya yi. Amma ka karanta ɗan littafin da ya zo cikin kwalin. Dubagari yana cikin mutanen nan 'yan ƙalilan masu karanta irin wannan littafi daga bango zuwa bango, ba don su koya ba, sai don su kama wani da laifi. A shafi na tara ya ci karo da gargaɗi: kada a zuba wa injin abinci mai gishiri da yawa, ko mai maiƙo, ko manyan ƙasusuwa. Ya ɗaga kai ya dubi farantin da Malama ta ajiye masa. Dafaffen kabeji, dafaffen karas, wake cokali uku, da yankin kifi fari fat kamar an wanke shi da sabulu. Ba gishiri, ba ƙashi, mai kuwa sai da tabarau. Ya sake duba shafin. Ya sake duba farantin. Sai ya gane ashe wata guda ke nan ana dafa wa injin abinci, ana kuskuren ajiyewa a gabansa.

Mataki na 2: Karɓe ragamar injin

Inji a tsakiyar kicin, a gaban idon matar gida, ba shi da wani amfani a gare ka. Nemo masa ɗaki, kuma ka nemo hujjar daga cikin littafin.

Washegari Dubagari ya shiga kicin da tef ɗin awo, ya auna tsakanin injin da bango, ya girgiza kai irin girgizar da ya saba yi kafin ya rufe wa mutum shago.

"Malama, kin matse shi. An ce a bar masa taƙi guda ta kowane gefe ya sha iska. Ga shi kin liƙa shi da murhun gas. So kike ya ƙone mana gida?"

"To ina za a kai shi?"

"Sito. Akwai soket, akwai taga. Kuma ki bar mini kula da shi. Harkar shara ce, fannina ne."

Ya share kusurwa a sito, tsakanin buhun shinkafa da tsohon keken ɗinki, ya kafa injin a kan benci, ya jawo kujera da ɗan teburi. Sannan ya yi abin da ya kamata ka haddace: ya sa wa ƙaryarsa rigar tausayi.

"Daga yau a nan zan riƙa cin abincina. Ba na so in zauna ina sa miki ido a loma. Ki ci naki mai gishiri a falo hankali kwance, ni in ji da jarrabawata ni kaɗai."

Malama ta ɗan dube shi. "Allah ya ba da lada, Baban Auta," ta ce, ta je ta ɗauko masa matashi don kujerar.

Ka lura da kyau: ba a binciken ɗakin da ake zaton mutum yana shan wahala a ciki.

Mataki na 3: Koyi zubi

Zubi ilimi ne. Fara tsiyaye romon a kwata, don injin ba ya son ruwa. In ka cika masa ruwa zai wuni yana busarwa, ƙarshe ya ba ka wani abu kamar taɓo. Abincinka shi ne a ƙasa. A kansa ka shimfiɗa ɓawon albasa da na ayaba da na ƙwai, waɗanda ake tara maka a roba, yadda ko wani ya ɗaga murfi shara kawai zai gani. Akwai layi a jikin bokitin daga ciki, kada ka wuce shi. Rufe har ka ji ƙas, danna maɓallin, sannan ka zauna minti ashirin kana ƙwanƙwasa cokali a faranti.

Kada ka juye duka. Wanda ya dawo da farantin kabeji kamar an lashe shi ya tona wa kansa asiri. Dubagari yakan bar ganye biyu da ɗan karas a gefe, ya dangwali romo ya shafa a leɓe, ya fito yana taku a hankali kamar wanda ya dawo daga gaisuwar mutuwa.

"Yaya na yau?" Malama kan tambaya tana karɓar farantin.

"To, an dai ci. Sai dai karas ɗin nan bai dahu ba."

"Gobe zan ƙara masa wuta."

Da yake shi mutum ne mai gaskiya a kan ƙananan abubuwa, karas ɗin da gaske bai dahu ba. Ya ji yadda haƙoran injin suka yi fama da shi.

Bayan kowane zagaye ka bar bokitin ya huce, ka juye garin a gwangwani mai murfi, ka wanke bokitin da ruwan ɗumi da soso mai laushi, ka goge jikin injin da tsumma. Kada ka bar wa kowa wannan aiki. Maƙwabta za su ce ka zama mijin kirki da tsufanka. Ka sunkuyar da kai ka karɓa.

Mataki na 4: Nemo inda za ka ci na gaskiya

Likitan da ya hana ka nama, shi ne kuma ya ce ka riƙa tattaki. Riƙe masa wannan gam.

Kullum bayan azahar Dubagari yakan sa takalmin roba ya ce zai je ya motsa jini. Jinin kan motsa ya bi ta bayan tashar mota, ya tsaya cak a rumfar wani mai gasa nama. Wannan mai naman, shekaru goma sha da suka wuce, Dubagari ya taɓa rufe masa rumfa mako biyu saboda ƙuda. Ranar farko da mai naman ya ga Dubagari ya ja benci ya zauna, sai da ya murza ido.

"Ranka ya daɗe, dubawa aka zo yi?"

"Yanko ta wajen kitsen nan. Ka barbaɗa gishiri sosai."

"Ƙudajen fa, ranka ya daɗe? Jikokin waɗancan ne, kuma ba su canja hali ba."

"Na yi ritaya," in ji Dubagari, ya juya wa titi baya.

Yakan ci har gumi ya keto masa, ya kora da lemon kwalba mai sanyi, ya sakace haƙora, ya tauna kanumfari biyu don kashe ƙamshi. A hanyar dawowa yakan haɗiyi ƙwayoyin maganinsa da cikakken imani cewa ƙwaya tana bin nama a ciki tana warware shi. Gumin kuwa shaida ne a gare ka, kada ka goge. Malama kan tare shi a ƙofa da tawul, tana roƙonsa ya rage nisan tafiyar nan kada wata rana ya faɗi a hanya.

Mataki na 5: Ranar awo, riƙe fuskarka

Duk Asabar Auta kan zaunar da shi a falo ta ɗaura masa abin awo a damtse. Wata na farko lambobin suka tsaya inda suke. Na biyu suka hau. Na uku Auta ta cire, ta sake ɗaurawa, ta canja batir, ta auna mahaifiyarta don gwaji, ta ga abin awon lafiyarsa lau.

"Umma, kin tabbata ba kya sa masa komai a abincin?"

Malama ta ce a hankali, "Ina ɗiga ɗan mai a kifin. Rabin cokali. Tausayi yake ba ni."

"Ba na jin shi ne dalili, Umma. Amma a cire mu gani."

Malama ta sa bakin mayafi ta goge ido. "Ni ce ke nan nake kashe shi da hannuna."

A nan ake gane gwani. Mai raunin zuciya zai buɗe baki ya ɓata aikin wata uku. Dubagari ya dubi matar da ta yi shekara talatin da takwas tana dafa masa abinci, ga ta tana kuka a kan rabin cokalin mai. Maganar ta zo har kan harshensa. Sai ya tuna kitsen gobe, ya haɗiye ta.

"Ba komai, Malama," ya ce da muryar manya. "Na yafe miki."

Daga ranar aka cire man. Injin bai yi ƙorafi ba, dama haka ya fi so.

Shukar bayan kicin kuwa ta samu duniya. Malama tana cakuɗa garin da ƙasa, awo ɗaya cikin goma, tana binnewa a gindin kowace shuka. Tumatir ya yi jajur, alayyafo ya kai gwiwa, matan layi suna aiko roba a sam musu takin. Wata rana tana juye gwangwanin ta tsaya tana jinjina nauyinsa.

"Ikon Allah. Ɗan ɓawon da nake ba ka ne ke haifar da wannan taki duka?"

"Kimiyya ce, Malama. Zafi yana kumbura abu."

Shekara talatin ta yi tana koya wa yara cewa abin da aka busar raguwa yake yi. Amma ba ta taɓa sa mijinta a layin masu ƙarya ba, don haka ta ce Allah ya ƙara sani, ta ci gaba da aikinta.

Mataki na 6: Idan an gan ka, dawo da harkar gida

A wata na huɗu mijin Auta ya tsaya shan mai a gefen tashar, ya hango wata ƙeya da hular da ya sani. Ya zo har rumfar ya durƙusa ya gaida surukinsa, idonsa a ƙasa, daidai kan takardar naman. Dubagari ya ce ya zo yi wa mai naman nasiha ne a kan tsafta. Mijin Auta ya ce Allah ya saka da alheri, ya tafi, kuma kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Amma rumfar ta daina zaunuwa.

Sai Dubagari ya tono tsohuwar jakarsa ta aiki. Ya riƙa sayo naman a naɗe, ya shigo ta ƙofar baya, ya kulle sito, ya kunna injin don gurnaninsa ya rufe ƙarar tauna. Abin da ya rage, guntun kitse ne, takarda mai maiƙo ce, tsinken sakace ne, duk cikin bokiti.

Yanzu buɗe kunnenka. A bayan injin akwai matatar gawayi, ita ke tsotse wari kafin tururi ya fita. Ana canja ta duk wata uku, kuma akwai wata 'yar jar fitila da ke kunnuwa ta tuna maka. Dubagari ya ga fitilar, ya manna mata guntun tef ya huta. Wannan fa mutumin da ya taɓa sa tsohuwa ta kwashe kwatar layi guda don ya ga ɓawon ayaba a ƙofarta. Cikin mako biyu sito ya fara ƙamshin bayan tasha. Garin ya daina fitowa a bushe, sai danƙo. Kyanwoyin layi suka fara tone buhunan Malama, gefen ganyen alayyafo ya ƙone saboda gishiri. Ta tambaya. Ya ce canjin yanayi ne, duk duniya ake fama.

Mataki na 7: Kada ka sa ƙashi

Shafi na tara ya faɗa, ga shi an maimaita maka. Ƙashin kifi, to. Ƙaramin ƙashin kaza, da ƙyar. Ƙashin gwiwar rago, a'a.

Wata Asabar Auta ta yi latti, har ya ɗauka ba za ta zo ba. Yana sito yana gwaguyar ƙashin gwiwar rago sai ya ji sallamarta a tsakar gida. Ya dubi taga, ga Malama a ƙarƙashinta tana ban ruwa. Ya dubi aljihu, farar riga ce a jikinsa. Ya ɗaga murfi ya jefa ƙashin, ya yayyafa ɓawon albasa, ya danna, ya fito yana goge baki.

Injin ya yi minti goma yana gurnaninsa na kullum. Daidai lokacin da abin awo ya matse wa Dubagari damtse, sai aka ji ƙara daga sito kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe, sannan wani kuka mai tsini, sannan warin roba.

"Ku bar shi, ni zan duba," ya ce yana yunƙurin tashi.

"Baba, kada ku motsa, ana awo. Yana da garanti ai, kuma an ce in wani ya kwance shi garantin ya tashi."

Ta kira shagon da ta sayo shi. Kafin la'asar mai gyara ya iso da akwatin kayan aiki, wani dattijo mara yawan magana mai gilashi a ƙarshen hanci. Ya fito da injin tsakar gida inda ke da haske, ya shimfiɗa jarida, ya fara zaro abubuwa da filaya yana jerawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙashin gwiwa, ya rabe biyu. Haƙarƙari uku da suka maƙale tun makon jiya. Tsinken sakace cike da tafin hannu. Murfin kwalbar lemo a lanƙwashe. Ya zaro matatar gawayin ya sunsuna, ya kawar da kai. Ya sa wuƙa ya kankaro kitse daga ƙarƙashin haƙoran, ya daskare kamar kyandir.

"Hajiya," ya ce wa Malama, "gidan nan dai kuna shan nama, Allah ya ƙara buɗi. Amma a riƙa zubar da ƙashin a kwando. Garanti ba ya ɗaukar wannan."

"Rabon gidan nan da jan nama," in ji Malama, "wata shida."

Mai gyara ya dubi ƙashin, ya dubi Malama, ya dubi tumbin Dubagari ta saman gilashi. Sai ya duƙa ya ci gaba da aikinsa da himmar mutumin da ya fi so a ce ba ya wurin.

Mataki na 8: Yi bayani, amma ka san wa kake yi wa

Tanadi bayani aƙalla uku. Dubagari ya fara da cewa gwaji yake yi, don ya ga ko ƙarfin injin ya kai abin da aka rubuta a kwali. Da ya ga ba wanda ya tanka, sai ya koma cewa a hanya ya tsinci ƙasusuwan, kuma a matsayinsa na tsohon ma'aikacin tsafta ba zai iya wuce su ba. Yana shirin na uku Auta ta fashe da kuka.

"Wata uku ina bin likita yana canja muku magani. Yana tambayata ko kuna kiyayewa, ina cewa kuna kiyayewa. Har rantse masa na yi, Baba."

Malama ba ta yi kuka ba. Ta jira mai gyara ya haɗa kayansa ya fita. Sannan ta yi wa mijinta kallon da take yi wa ɗan aji huɗu idan ya kawo aikin gida da rubutun yayansa.

"Kabejin fa? Kifin fa? Nawa ka ci a ciki?"

Ya duƙa yana kakkaɓe ƙurar takalminsa.

"Baban Auta, tambayarka nake."

"Kafin a kawo injin ai ina ci."

Ta gyaɗa kai. "Tukunya ɗaya nake ɗorawa. Tun ranar da likita ya yi magana na kyautar da gishirin gidan nan. Abin da nake zuba maka shi nake ci a falo, don na ce ba zan ji daɗi a baki ba kana can kana haɗiyar lami. Na ɗauka tare muke ci, bango ne kawai a tsakaninmu."

Sai a lokacin ya lura zoben hannunta ya koma yatsan tsakiya, wuyan rigarta kuma ya yi mata yawa. Shi da ke hango tsutsar sauro a randa tun daga bakin ƙofa.

"Kuma ka yafe mini," ta ce. "Rabin cokali."

Ta shige ciki.

Mataki na 9: Ci gaba da kula da injin

An gyara injin, an sa masa sabuwar matata. Washegari da rana Dubagari ya zauna a sito yana jiran faranti, ya ma shirya ɗan jawabi. Malama ta shigo da tire: rabin ɗanyen kabeji, karas biyu da ƙasarsu, wake a kofi. Ta yayyanka a gabansa, ta zuba a bokiti daidai layi, ta rufe, ta danna.

"Na karanta littafin," ta ce. "Ashe yana cin ɗanye. Gas kawai nake ƙonawa a banza."

"Ni fa?"

"Kai ai kana da wurin cin abinci."

Jim kaɗan ƙamshin albasa a mai ya taso daga kicin, irin wanda gidan ya manta. Nata ne, kwano ɗaya.

Ya yi fushi, ya sa takalmi, ya fita ta ƙofar gaba ya tafi rumfa a idon kowa. Ya ci kwana ɗaya, ya ci kwana biyu. Rana ta uku naman ya ƙi wucewa. Babu wanda zai ɓoye wa, babu wanda zai tare shi da tawul, sai kitse yake daskare masa a dasashi. A hanyar dawowa titi ya juya masa. Ya dafa sandar fitila, ya sulale ya zauna a bakin kwata, ƙafarsa ɗaya a ciki. Wani mai faci ya yayyafa masa ruwa ya rako shi gida.

Malama ta kira Auta, ta ba shi maganinsa, ta zauna a gefensa tana yi masa fifita har jirin ya wuce. Da ya ga haka sai ya ɗauka an gama shari'a.

"To a kawo mini ko ɗan ganyen ne."

"Tukunya tana inda take," ta ce, ba ta daina fifitar ba. "Ashana tana taga."

Washegari da hantsi Dubagari, ɗan shekara sittin da huɗu, ya tsaya a kicin ɗin gidansa yana laluben inda ake kunna gas. Ya sassara kabeji manya-manya kamar itace, ya yanke yatsa, ya ɗaure da tsumma. Malama tana waje wajen buhunanta tana cire ganyen da gishiri ya ƙona, ta ba shi baya. Ya riƙe tukunyar a bakin famfo, ya daɗe a haka.

"Malama."

Ta matsa zuwa buhu na gaba.

"Malama, ruwan... ina zai kai?"

Ta tsinke ganye ɗaya, ta tsinke na biyu. Har ya fid da rai.

"Ya rufe ganyen kawai," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Kuma a nan za ka ci, inda nake gani."

Ya ci a kan kujerar tsakar gida, faranti a cinya. Kabejin ya dahu ya wuce misali, ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda. A loma ta uku ya ɗaga kai ya saci kallon ƙofar sito. Malama ta yi gyaran murya. Ya kai ta huɗu.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba mai gyaran inji ba ne, kuma ba ya sasanta ma'aurata. Duk abin da ya same ka a bin matakan nan, jiri ne a titi, ƙashi ne a haƙoran inji, ko matar da ta daina ɗora maka tukunya, kai ka jawo, kai za ka ɗauka. Kada ka zo ƙofarmu da ƙorafi, kada kuma ka zo da yunwa. Mu ma nan dafaffen ganye ake ci, kuma tun da labarin Dubagari ya zaga layi aka fito da injinmu tsakiyar falo, kusa da kujerar maiɗakin.